Kujerar da Afif Yake Raba wa Karta

Afif Gantus ya yi shekara talatin da ɗoriya yana raba karta a babban gidan cacan nan da ke kan tudu yana kallon tekun Juniya, amma bai taɓa zama ya buga ko sau ɗaya da kuɗinsa ba. Ɗan masunci ne. Ubansa ya so ya gaje shi, sai dai teku na sa shi amai, don haka wani kawunsa ya kai shi gidan, aka dubi yatsunsa, aka ɗauke shi. Da yaƙi ya sa aka rufe wurin, ya tafi Kubrus ya ci gaba da rabon a can, ya dawo da aka sake buɗewa. Ya auri Wadad, suka haifi 'ya ɗaya tal, Yumna. Shi ya sa unguwa ke kiransa Abu Yumna. Har yau ba wanda ya daina, shi ma bai ce a daina ba.

Da ya ajiye aiki, sai ya fito da teburin cin abinci baranda, ya shimfiɗa masa koren bargo, ya fara koya wa mutane wasan karta na foka ran Lahadi bayan abincin rana. Ba a sa kuɗi. Busasshen wake ake sawa. Kowa da kwalbarsa, in an tashi ka mayar da abin da ya rage maka, wani makon ka ɗora daga inda ka tsaya. Wanda wakensa ya ƙare, an rufe kwalbarsa ke nan. In yana son dawowa, sai ya zo da ƙafarsa ya nemi sabon awo, ya kuma riƙo tiren kunafa, kayan zaƙin nan na ƙasarsu.

Afif ba ya bugawa, rabo kawai yake yi, yana magana a hankali. Abin da yake fara gaya wa sabon zuwa bai taɓa canzawa ba. Ka san wace karta ke cin wace kamar yadda ka san sunanka. Watan farko ba ka buga komai: a raba maka, ka duba, ka zubar, ka zuba wa mutane ido. Yawancin kartar da za a ba ka a duniya ta zubarwa ce, wanda bai iya zubarwa ba kuwa bai fara koyo ba. In ka wuce wannan, ka buga kaɗan, ka fi bugawa sa'ad da kai ne kusan na ƙarshen magana, domin ka riga ka ga abin da kowa ya yi. In karta mai ƙarfi ta zo, kada ka lallaɓa, ka ƙara. Masu bugawa ta waya kuma yakan ce musu tebur ɗaya ya isa, mafi araha, kuma ba a shiga da fushi, ba a shiga da kuɗin burodi, a kuma yanke lokacin tashi tun kafin a zauna.

Akwai wata ƙa'ida da ya taho da ita daga wurin aiki. A kowane rabo, kujeru biyu kan zuba wake tun kafin su ga karta, ɗaya zubi babba, ɗaya rabinsa, abin yana zagayawa. Zubin dole ake ce masa. In mutum ya tashi ya bar wakensa a tebur, ana ci gaba da raba wa kujerarsa karta a kife, ana cire mata zubin dole in ya zo kanta, har mai ita ya dawo ko waken ya ƙare.

Yumna injiniya ce, ba ta cika talatin ba, ta kuma fi kowa ƙin jin maganar ubanta a teburin nan. Wata Lahadi wasa bai mata kyau ba, wakenta ya yi ƙasa. Ƙawarta ta kira ta daga Batrun, motarta ta mutu. Yumna ta miƙe, ta ɗauki makulli, ta ce, “Baba, ka ci gaba da raba mini, yanzu zan dawo.” Babbar mota ce ta same ta a titin bakin teku. Likitoci sun ce ba ta ji komai ba. Afif ya saurare su, ya yi musu godiya.

Bayan arba'in abokansa uku suka dawo barandar, ba don wasa ba, don kada su bar shi shi kaɗai: Fauzi mai aski, da Likita Antuwan mai cire haƙori, da Madam Odet wadda ta koyar da rabin unguwar Faransanci. Afif ya shimfiɗa bargo. Ya fito da kwalabe huɗu. Ya juye ta Yumna a gaban kujerarta, tsakanin Fauzi da Odet, ya raba mata karta biyu a kife.

Da babban zubi ya zo kan kujerar, Antuwan ya zubar da kartarsa ba tare da ya duba ba. Odet ta zubar. Fauzi ya zubar. Tunda ba wanda ya shiga, waken da ke tsakiya ya koma wa kujerar, har da ɗan ƙari. A rabo na gaba ƙaramin zubi ya cinye ƙarin. Haka tulin ya tsaya, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Suka yi shekara biyu a haka, ba su taɓa zama sun shirya shi ba, ba su taɓa ambatarsa ba. Afif kan tattara kartar kujerar ya mayar cikin sauran a kife. Bai taɓa leƙa abin da yake raba mata ba. Wadad kan kawo gahawa ta ajiye a bakin ƙofar baranda ta koma ciki.

Sai Hiyam ta zo. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, tana aiki a kantin magani na ƙasan layi. Ta fara foka a waya lokutan da aka ɗauke wuta kanti ya yi shiru, ta ga abin yana neman fin ƙarfinta, Odet ta kawo ta. Ammu take ce wa Afif, wato baffa.

“Ammu Afif, ni fa ina sa kowace karta. Ina jin kamar in na zubar, ita ce za ta ci.”

“Wani lokacin ita za ta ci,” in ji shi. “Ki zubar duk da haka. Zauna nan.”

Ta dubi kujerar da ba kowa, da wakenta, da kartarta. A waya ta saba ganin irinta, mutum ya tashi ya bar wurinsa. Ta ɗauka dabarar koyarwa ce. Watan farko ta yi ta zubarwa kamar yadda aka ce mata, saboda haka ba wanda ya lura cewa ba ta san komai ba. Da zubin ya zo kan kujerar, ita ma zubarwa take yi kamar kowa.

Ranar da Afif ya ce mata ta fara bugawa, Fauzi yana cikin tsokanar Antuwan.

“Likita, don Allah ka yi wani abu. Kai ko haƙori za ka cire sai ka yi shawara da kakanninka.”

“Gara ni. Kai wanda ya zauna a kujerarka sai ya fito da kunne ɗaya da labarin ƙarya uku.”

“Ku rufa mana baki, tsofaffin banza,” in ji Odet, “yarinya tana tunani.”

Babban zubi na kan kujerar Yumna. Antuwan ya zubar. Hiyam ta ɗaga gefen kartarta, ta ga sarakuna biyu, ta tura wake gaba da tafin hannu kamar yadda aka koya mata, ta ce, “Na ƙara.”

Fauzi ya ajiye kofinsa. Odet ta dubi teku. Hannun Afif ya yi aikinsa: ya janye kartar kujerar, ya share waken ya tura gaban Hiyam.

“Daidai kika yi,” ya ce.

Da aka tashi, Fauzi ya tsaya a kan matakala.

“Abu Yumna, bari in ja ta gefe in gaya mata. Magana ɗaya ce.”

“Ka ce mata me?”

Fauzi ya waiga ya dubi barandar.

“Ta zo nan ne don ta koyi abin da zai hana ta hallaka kanta,” in ji Afif. “Na ce mata in ta samu mai ƙarfi ta ƙara. Yanzu in ce mata ban da wannan kujerar? A teburina ba a koya wa mutum zubar da sarakuna biyu.”

Abin da bai faɗa ba shi ne, in aka gaya mata, to an faɗi abin da ake yi a barandar nan shekara biyu, shi kuma zai ji shi da kunnensa.

Hiyam ɗaliba ce ta ƙwarai. Ba ta buga da yawa, amma in ta buga tana da dalili. Wani makon ba ta taɓa kujerar ba, wani makon ta ci zubinta sau biyu. Tulin ya yi ta sirancewa. Afif kan juye kwalbar ran Lahadi ya ji ƙarar ta canza, daga zubowa ta koma ɗigowa. Sauran kwanakin mako yakan wuce ta gaban kabad ɗin da kwalaben suke, ya san akwai buhun wake a kicin, ya san ba wanda zai gani in ya ƙara damƙi ɗaya. Bai ƙara ba. Sabon awo sai mai shi ya zo da ƙafarsa.

Wata Lahadi da ruwan sama ya ɗauke da rana, Hiyam ta shiga kicin mayar da kofuna, ta daɗe. Akwai hoton Yumna a kan firij. Afif bai san abin da Wadad ta gaya mata ba, bai kuma tambaya ba. Ta fito idanunta sun yi ja, ta zauna, ta ƙi duban kowa.

Babban zubi ya zo kan kujerar. Abin da ya rage a gabanta bai ma kai zubin ba. Afif ya tura shi duka tsakiya. Ya raba. Antuwan ya zubar. Hiyam ta ɗaga gefen kartarta. Afif ya ga babban yatsanta ya danne su kamar mai tsoron kada iska ta ɗauke, ya san abin da wannan yake nufi, ya gani a hannuwa dubbai. Sai ta fara tura su wajensa a kife.

“Tsaya,” ya ce. “Karta kike bugawa ko fuskata?”

“Ammu, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Da na sani...”

“Na san ba ki sani ba. Ta zubarwa ce?”

Ta ci gaba da danne kartar da yatsa.

“Abu Yumna, ƙyale ta mana,” in ji Odet a hankali. “Kartarta ce.”

“Kartarta ce, Madam. Tambaya kawai na yi.” Ya juya ga Hiyam. “In kika zubar da wannan don tausayina, gobe za ki riƙe marar kyau don tausayin kanki. Hanya ɗaya ce. Ta zubarwa ce?”

“A'a.”

“To.”

Ta janye kartar, ta tura wake. Odet da Fauzi suka zubar. Tunda kujerar ta sa duk abin da take da shi, ƙa'idar gidan ta ce a buɗe kartar kowa. Hiyam ta buɗe sarauniya biyu. Afif ya miƙa hannu ya juya na Yumna, karo na farko tun ranar da ta ɗauki makulli. Takwas ja, da uku baƙi. Ya daɗe yana kallonsu. Ba komai a cikinsu, karta ce irin wadda ake ba kowa.

Ya jera karta biyar da ake buɗewa a tsakiya don kowa ya haɗa da tasa, yadda ake yi, uku, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Takwas ta fito a ta huɗu, ta dace da ta Yumna, saura ɗaya kujerar ta ci, Fauzi ya ja numfashi. Ta biyar ba ta kawo komai ba. Afif ya share waken ya tura gaban Hiyam, ya ɗauki kwalbar da ba komai, ya murɗa murfinta, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya cakuɗa karta, ya fara rabo. Antuwan, Hiyam, Fauzi, sai karta ta sauka a kan bargon da ba wake. Ya dube ta. Rabo ya ɓaci, ƙa'ida ta ce a tattara a sake. Ya tattara.

“Ku matso,” ya ce.

Ba wanda ya motsa. Can sai Antuwan ya tashi, ya ɗauki kujerar, ya kai ta jikin bango, Fauzi da Odet suka ja nasu kaɗan. Afif ya sake rabawa, ga mutum huɗu.

Har yanzu yana koyarwa ran Lahadi. Hiyam ta goge wasan daga wayarta, waken ya ishe ta, ita ce ma ke zama kusa da sababbin zuwa tana riƙe musu hannu in sun so sa kowace karta. Afif ya tsufa, amma rabonsa na nan santsi, karta na sauka gaban kowa kamar an auna. Sai dai tsakanin Fauzi da Odet hannunsa kan ɗan tsaya a sama kafin ya wuce. Sababbi sun ɗauka haka ƙwararru suke yi. Wasu ma sun fara kwaikwayo.