Mamuda Mai Hoto da Yaron Gidan Dela

Mamuda mai hoto ba shi da shago, sai wata rumfa a bakin tashar Kazaure, da labule mai zanen jirgin sama da ake tsayawa a gabansa. Gidansu teloli ne, amma shi allura ta ƙi shi. Da kuɗin fetur suka shigo, kowa na son a ɗauke shi jingine da sabon babur, ko da na aro ne, sai kasuwarsa ta buɗe. Ga shi da mita, ga son a ce ya iya, amma bai taɓa korar mai buƙata ba.

Wata ranar kasuwa, Dela, Bafulatanar Roni da ke kawo masa nono, ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa hotuna biyu. Ƙaninta ne ya saye su a Babura wurin mai tallar hotunan mawaƙa. Samari ne da wanduna masu faɗin ƙafa, ɗaya rungume da jita.

"Malam Mamuda, a ina aka ɗauki wannan?"

"Wa kike nema a ciki, Adda?"

Ta kau da kai. "Wani yaro ne na gidanmu."

Mamuda ya gane. Mai jitar Sama'ilu ne, ɗanta na fari, wanda ya bar shanu ya shiga duniya, ba a san ko yana raye ba. Kunyar ɗan fari ba ta barin ta kama sunansa, balle ta ce tana kewarsa. Tausayinta ya kama shi.

Dangi sun riga sun yanke cewa Ikko ce, tunda a can ake sa irin wannan wando. Baƙin layin da ya ratsa hotunan kuwa, wai ruwa ne ya taɓa su. Mamuda ya yi dariya, don shi ma ya sha ɓata fim haka a ɗakin kallo na gari. Duk wanda ya ɗauki fuskar talabijin, sai wannan layin ya fito. Saura a san wace tashar talabijin ce.

Ya yi makonni yana zuwa kallo da hotunan a aljihu, ana yi masa tsiya wai tsufa ya zo masa da son rawa. Ran nan sai ga labulen da ke bayan samarin, mai zanen ƙwarya, a shirin kiɗan Asabar na tashar Kano. Ya ci gaba da gadi har mai gabatarwa ya ce su Sama'ilu ne baƙin mako mai zuwa. Washegari ya aika Roni.

Ranar Asabar ɗin Dela ta zo da yamma, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin kallo, ta juya wa akwatin talabijin baya. Kiɗa ya tashi.

"Adda, ga shi nan fa! Juyo ki gani."

"A'a. Kai dai duba mini." Ta gyara faifan ƙwaryarta. "Ya rame?"

Mamuda ya dubi saurayin, ƙashin wuya duk a waje. Bai iya yi mata ƙarya ba.

"Ya ɗan rame. Amma yana dariya."

Aka sake waƙa.

"Gobe zan kawo man shanu," in ji ta. "In ka shiga Kano ka kai wa masu kiɗan nan, su raba. Kar ka ce daga wa."