Amarya ta Haihu a kan Likkafanin Hajiya

Duk unguwar Soron Ɗinki an san Hajiya 'Yardada da abu biyu: dambun nama da faɗa. Tun mijinta Malam Ashafa yana raye take wannan sana'a, da ita ta aurar da 'ya'ya, da ita ta ga ɗakin Allah. Shi kuma marigayi bai bar mata komai ba sai buzun salla da kyanwa.

Wai don ɓera ya kawo ta daga Jakara. Ɓera! Wannan halitta ba ta taɓa kama ko gyare ba. Ci, barci, lasar jiki, shi ne aikinta, shi ya sa Hajiya ta raɗa mata Amarya. Idan aka shimfiɗa darduma, ita ce farkon hawa. Idan an rufe ƙofa tana son fita, idan an buɗe sai ta zauna a bakin ƙofar tana kallon mutum kamar shi ya kira ta. Kofin shayi kuwa, sai ta haɗa ido da kai sannan ta ture shi da hannu ɗaya. Hajiya kan ce gidan na Amarya ne, ita 'yar aiki ce da ba a sallama ba.

To, akwai abu guda da Hajiya take ji da shi fiye da ɗankunnen zinarenta. Da ta je aikin hajji ta sayo farin yadi, ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya shi a ranar Makka. Likkafaninta ke nan. Yana cikin akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki, kuma duk watan Sha'aban takan buɗe ya sha iska, ta sa masa turare. Bana ma ta buɗe, sai aka yi sallama ana neman dambun biki. Ta fita ciniki, ta manta murfi a wangale.

Washegari da hantsi surukarta Lauratu, matar ɗanta, ta shiga shara, sai ta ƙwala kira.

"Hajiya, zo ki ga ikon Allah! An sauka lafiya!"

Hajiya ta leƙa akwati. Ga Amarya ta miƙe a tsakiyar farin yadi, ga 'ya'ya jiƙe-jiƙe suna tsotso, ga jini ya yi taswira.

"Innalillahi! Duk tsummokaran gidan nan? Ga buhun gawayi, ga tsohon bargo, sai kayan tafiyata? Ke, maras kunya, da ke na yi ɗawafi?"

Amarya ta yi hamma.

Lauratu ta ce a juye su a kwali kawai. Hajiya har ta ɗaga tsintsiya, sai hannunta ya tsaya a sama. Ta tuna wa'azin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa. Kuma kowa ya san in ka taɓa jariran kyanwa, uwar tana iya gudunsu su mutu. Wato don ta ceci likkafani sai ta kwashi alhakin rayuka, ta naɗe a ciki ta tafi da shi? Ta jefar da tsintsiyar ta aika a kira Malam Nata'ala.

Nata'ala ƙanin marigayi ne, malamin zaure, kuma tun Hajiya tana amarya ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya shigo yana gyara hula.

"Matar Yaya, barka da arziki! Yaushe ne suna? Kin dama mata kunun kanwa kuwa?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Fatawa na kira ka, ba roƙo ba."

Ya ce abin da sauƙi. A bar mai jego ta tashi don kanta, sannan a wanke yadin, najasa ruwa ke kawar da ita. Kuma ko wane farin ƙyalle mai tsarki ya isa.

"A wanke da me? Da ruwan 'yan garuwa? Zamzam ɗin fa, ya tsaya yana jirana a ciki?"

"Ina da gora guda a gida, sai in sam miki."

"Gorar nan taka? Wadda kake ƙara mata ruwan famfo tun ina da haƙora? Ai wannan ko labarin Makka ba ta ji ba."

Nata'ala ya ce to, shawara ɗaya ta rage: kada Hajiya ta mutu sai an yaye.

Da wasa ya faɗa, Hajiya kuwa ta riƙe da gaske. Matar da ake bin ta da maganin hawan jini tana zuba shi bayan gado, sai ga ta tana tambayar Lauratu ko lokaci ya yi. Ta daina hawa adaidaita sahu. Ta rage gishiri. In ta yi tuntuɓe a tsakar gida sai ta juya ta zagi akwati. Ga shi dole ta ciyar da mai jego, don in nono ya ƙafe zaman zai daɗe. Kullum za ka ji ta durƙushe da ɗan kwano: "Ci, Allah ya isa. Ci ki tashi min a kan kaya."

Ana tsakiyar azumi, ba sallama ba godiya, Amarya ta kwashi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a baki ta koma ƙarƙashin gado.

Hajiya ta fito da yadin tsakar gida, ita da Lauratu suka warware. Jini ya ratsa ninki bayan ninki, farce ya yi nasa aiki, warin kuwa ba a magana. Sai can ƙarshe, ninkin da ke manne da gindin akwati, suka tarar da shi fari tas, bai fi a yi ɗankwali da shi ba. Hajiya ta daɗe tana shafa shi. Lauratu ta ga idonta ya cicciko, ta kau da kai.

"Miƙo almakashi," in ji Hajiya.

Ta yanke mai tsarkin, ta ninke, ta kulle shi a akwati da kwaɗo. Sauran ta ce a wanke a ajiye, in bai isa ba a ciko a kasuwar Kurmi.

"Ki ji da kyau, Lauratu, ranar da ta zo, wannan a kaina za a ɗaura. Kai dai ya shiga da zamzam. Sauran jiki ya bi shi a baya ya yi bayani."