Kwalbar da Na Ƙetara Gari da Ita

Inna ta shekara huɗu da daina al'ada sa'ad da jinin ya dawo mata. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta wajen salla na gane. Sai a kira azahar a masallacin layinmu na Harobanda, ta ci gaba da taka keken ɗinkinta kamar ba ta ji ba, ita da lokaci bai taɓa wuce ta ba. Na gani, na kau da kai. Ni ce ƴar fari, ko sunana ba ta kira, ta ina zan soma yi mata wannan tambaya? Haka muka yi kusan shekara.

Ranar da jiri ya kayar da ita a bakin famfo na sa ta a taksi muka haye gada zuwa asibiti. Likitar mace ce, Bazabarma, tana haɗa Hausar kasuwa da Faransanci. Ta ce hoto ya nuna bangon mahaifa ya yi kauri, amma ba za a san dalili ba sai an ɗebi ɗan nama daga ciki an duba a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Sannan ta tambayi Inna tun yaushe take ganin jinin.

"Wata biyu ne, ƴata," in ji Inna.

Likita ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ina bayan labule aka ɗeba. Ban ji kuka ba, sai salati ƙasa-ƙasa. Aka miƙo mini wata ƴar kwalba, aka ce ni zan kai ta labo, can wani gefen gari. Abin da ke yawo cikin ruwan bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. Na naɗe ta a hankici na shiga taksi, kusa da wata mata mai kwandon ganyen salati daga lambunan Gamkalle, tana ta yi mini hirar tsadar taki. Ni kuwa tunani ɗaya nake: a cikin wannan naman na kwanta wata tara.

Sati uku muka jira kafin aka ba ni takardar sakamako. Na iya karatun Faransanci, don haka tun a tsaye na gane kalmar. Kansa ce. Aka yi aiki aka cire mahaifar, amma likita ta ja ni gefe ta ce ciwon ya riga ya fita waje.

Da Inna ta ji sauƙi ta aike ni wajen malamin unguwa. Ya ce wannan jinin ciwo ne, ba ya hana salla. Na kawo mata amsar. Daga ranar ta soma ramuwa a zaune, kowace salla sau biyu. Ba ta gama ba, ta rasu da damina ta zagayo.

Bara nima na ga jini ba a lokacinsa ba. Washegari ina asibiti. Aka ɗeba, aka duba, aka ce ba komai, aka ba ni magani, jinin ya tsaya. Wani likita ne dabam, ya yaba mini da na zo da wuri. Na kasa yi masa godiya.

Ƙannena har yau sun ɗauka ciwon farat ɗaya ya zo wa Inna. Idan mun taru da salla suna maimaita hakan, ni kuma ina zuba musu abinci.