Gawon da Ya Koma Jan Katako

Duk lokacin da na bi ta gaban kafinta na ji ƙamshin garin katako, sai tunani ya taso mini. Kakana nake tunawa, da abin da na yi masa.

Masassaƙi ne a ƙauyenmu, arewa da Filinge. Ko idonsa rufe ka miƙa masa guntun itace, zai shinshina ya ce maka wannan ƙirya ce, wancan marke, wancan gawo. Ƙirya ta turmi ce, marke na rufin ɗaki. Gawo kuwa ba ya yarda a ɗora shi bisa kan mutane, don gara na cin sa. Mutane kan ce in itace daga hannun tsohon ya fito, ka kwanta ƙarƙashinsa ka yi barcinka.

Ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, da rani bayan an kai gero rumbu, wani ɗan kasuwa ya zo daga Yamai da mota sayen itacen rufi. Ba ya jin Hausa, sai aka kira ni tafinta. Wayyo, ranar kaina ya kumbura! Mutumin ya dubi tsibi uku na ƙirya, marke da gawo da kaka ya ware, ya yi dariya, ya ce a haɗe su, a birni duk sunansu ɗaya, "buwa ruj", wato jan katako.

Kaka ya dafa kafaɗata. "Amaryata, ki hwaɗa mishi gawon nan ba na rufi ba ne." Ya yi ta bayani, gara, damina, nauyin laka. Ni kuwa kunyar tsummar rigarsa nake ji gaban baƙon mai agogo. Na juya na ce da Faransanci, "Ya yarda."

Mutumin bai ma kai itacen Yamai ba. Ya shafe su da jan fenti, ya sayar a kasuwar Filinge da sunan kakana. Damina ta biyu, ɗakin wani makiyayi da ya yi rufi da itacen ya rufta, ya karya wa matarsa ƙugu. Makiyayin ya zo har zaurenmu, gaban jama'a, ya kira kaka maha'inci. Ina bayan danga ina ji. Kaka ya ce laifinsa ne, ya ba da haƙuri. Daga nan ba wanda ya sake kawo masa aiki, har ya rasu.

Yanzu kurmin da kaka ke saran ƙirya ya zama gona, jikokina ba su san marke ba. Bara na daure na faɗa wa innata komai, ina kuka. Ko tsinkar ganyen miyar da take yi ba ta ajiye ba.

"Ai ya sani," ta ce. "Ya ce bai taɓa jin harshen da ke ɗauke dogon zance cikin kalma biyu ba. Shi ya hana mu hwaɗa wa babanki, kar ya hidda ki lakwal."