Yadda na mayar da aminin mahaifina ɗan Sabon Gari

Shekarun baya, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, maganar ƙaddamar da Shari'a kuma ta cika Kano, ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin al'umma da zamantakewarsu. A lokacin kaina ya kumbura da boko. Ko burodi aka aike ni saye sai na sako zancen dunƙulewar duniya. Mahaifiyata takan ce, "To, mun ji duniya ta dunƙule. Ina burodin?"

Bincikena a kan yadda labaran ƙasashen waje ke shigowa ta rediyo da talabijin su sauya hirar siyasar mutane ne. Abokan karatuna suka bazu ƙauyuka suna shan rana. Ni kuwa, don tsabar son jiki, na zaɓi majalisar ƙofar gidanmu a Nassarawa GRA, inda dattawa 'yan fansho ke zama bayan la'asar a gindin darbejiya. Na nemi izininsu in riƙa ɗaukar hirarsu a rikoda, suka ce in ɗauki duk abin da nake so, in dai ni zan riƙa fito da kujeru.

A cikinsu akwai aminin mahaifina, tsohon malamin makaranta, Bazazzagi, Kirista. Gidansa na bayan namu tun kafin a haife ni, kuma shi ya koya min lissafi a barandarsa. Baba Malam muke ce masa. Idan aka kira magariba shi ne mai cewa, "Ku tashi mana, liman ba zai jira ku ba." Sai ya zauna da rediyo, in sun dawo ya ba su labaran da suka wuce su. Ragon Kirsimetinsa ma mahaifina ke yankawa, don kowa ya ci.

Wata rana hira ta yi zafi. Wani Alhaji ya buga ƙafa ya ce, "Duk wanda ba ya son Shari'a, ga hanya nan, ya koma garinsu!" Kowa ya juya ya dubi Baba Malam. Sai Alhajin ya farga, ya ce, "A'a, Malam, ba da kai nake ba. Kai ai ɗan gida ne." Baba Malam ya yi murmushi, ya ce ya sani.

Da suka tashi salla ni ma na miƙe, sai ya riƙo hannuna. "Kunna rikodar taka, ka same su a raka'a ta biyu." Na kunna. Ya ce, "Ni alƙali ne ya raba wa kakannina gado. Rabin dangina Musulmi ne. Ba Shari'a nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da yaron da na koya wa karatu zai tare ni a hanya ya ce, Malam, daga ina ka zo?"

A duk kaset-kaset ɗina babu maganar da ta kai wannan.

To, a fanninmu akwai ƙa'ida: ba a bayyana wanda ya yi maka magana, don kada abin da ya faɗa ya jawo masa fitina. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Bahaushe Kirista, tsohon malami, a majalisar Nassarawa? Su nawa ne? Kowa zai gane shi, ga gari ana zaman ɗar-ɗar. Ka ɓoye shi sosai." Gaskiya ya faɗa. Ni kuma ɗalibi ne mai son a yaba masa, sai na zage damtse. Na sauya masa sana'a, na sauya unguwa, na sauya asali. Ya zama wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Har daɗi na ji, ina ganin na kare shi.

Ranar da zan gabatar da aikin a jami'a, Baba Malam ya sha babbar riga ya ce shi zai kai ni a tsohuwar motarsa. Ya zauna a kujerar baya na zauren. Sai da na zo kan maganarsa, ina karantawa, sannan na tuna yana ciki. Na karanta ta yadda ya faɗa, illa zancen alƙali da dangi da na cire saboda ba su dace da ɗan kudu ba, "yaron da na koya wa karatu" kuma ya koma "yaron shagona". Wani malami ya ce wannan ya nuna sarai yadda baƙi ke ji a Kano. Aka tafa. Na hango shi ma yana tafawa.

Muka kamo hanyar gida har muka shigo layinmu. Ya tsayar da mota, bai kashe ta ba.

"Ka yi ƙoƙari. Turancinka ya nuna."

Na ce, "Baba, ƙa'idar aikin ce. Don kada a gane ka ne."

"Na sani, ai ni ma malami ne. Ba a gane ni ba kuwa, ko ni da ƙyar na gane kaina." Ya juyo ya dube ni. "Ka tuna na ce ina tsoron a tambaye ni daga ina na zo? Kai ko tambayar ba ka yi ba. Da kanka ka zaɓa min gari."

Bai yi fushi da ni ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ci gaba da zuwa majalisa, yana tsokanata kamar da. Amma bai ƙara cewa in kunna rikoda ba. Bayan wasu shekaru ya koma Zariya wajen 'yarsa, a can ya rasu. Mahaifina ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma har yau ina ce wa ɗalibaina su ɓoye masu ba su bayani, domin ƙa'idar tana da amfani. Sai dai ina ƙara musu da cewa su koma su tambayi mutum abin da ya yarda a cire masa da abin da ba ya so a taɓa. Da na zagaya bayan gidanmu na tambaye shi, da ya ce in cire sunansa in bar masa Hausarsa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Abin yana damuna har yanzu. Kundin yana nan a laburaren jami'a, an sa masa hannu, ba a gyarawa. A cikinsa Baba Malam yana nan yana sayar da kayan mota a Sabon Gari, unguwar da bai taɓa kwana a cikinta ba.