Kifin da Aka Sa wa Sunan Kare

Mun tashi da asuba daga unguwar Dokki ta birnin Alƙahira, ladan bai daɗe da yin shiru ba, masu amalanken dafaffen wake suna ta jan kayansu zuwa bakin titi. Mu uku ne cikin fijo: ni, da ɗana na fari da ke aiki a ofishin jakadancinmu, da maƙwabcinsa, wani malami ɗan Nijar mai karatun addini a nan Alƙahira, shi ne tafintanmu. Wankan jego ne ya kawo ni Masar. Da surukata ta yi arba'in, ɗana ya ce kafin in koma gida sai ya kai ni na ga teku, na kuma ga yadda manya ke kamun kifi don hutu. Na juya maganar nan a bakina, ban ji daɗinta ba. Ni 'yar masunci ce, a Yawuri aka binne cibiyata, kuma ban taɓa ganin ubana ya shiga ruwa don ya huta ba.

Hanyar gonaki muka bi. Kore shar hagu da dama, ba ko tafin hannu na ƙasa da aka bari banza. Ɓauna, wadda mu a daji muke gudunta, nan ga ta da igiya a wuya, mace na tatsarta. Direbobin ƙasar kuwa da ƙaho suke tuƙi, birki sai in ya zama dole. A Tanta muka tsaya karin kumallo. Gurasa arha kamar kyauta, wake da mai da lemun tsami, sai alewar riɗi mai kama haƙori. Shayinsu ne ban yafe ba, kofin bai fi makurwa uku ba, mai shayin kuma yana tsaye yana jiran godiya.

Hantsi ya ɗaga muka wuce Iskandariya, muka sauka wani ƙauyen masunta da ake kira Abu Kir. To, na ga teku. Ruwa ne ba tsallake. Na ɗiba na kai baki, na tofar, na yi salati. A kan yashi ga mutanen birni jere ƙarƙashin laima, kowa ya kafa doguwar sanda mai keken naɗe zare, rediyo na waƙa, shi yana kishingiɗe. Ɗana ya ce mu namu a jirgi ne.

Mai jirgin tsoho ne, fuskarsa duk rana ta dafa ta. Ya kama hannuna yana "Yalla, ya Hajja", ya zaunar da ni tsakiya. Muka yi nisa har gidaje suka koma kamar akwatin ashana. Tsohon ya yanka ƙananan kifi, ya saƙala a ƙugiya, aka saki zare ƙasa. Ana nan, ana nan, sai sandar ɗana ta lanƙwashe. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Tsawonsa kamar hannun babban mutum, launin toka, bakinsa a ƙarƙashin kai, ba shi da ɓawo, fatarsa kaushi kamar harshen kyanwa. Kafin azahar sun kama huɗu.

Suka zube su cikin jirgi, suna ta bugun katako da wutsiya. Na ce wa ɗana, "Kai, in ba ci za a yi ba, mai da su tun suna numfashi."

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Inna, bari mu kai tudu a yi hoto."

Na ƙyale shi, don gaban baƙi ne. Ina kallo suka yi ta bugu har suka daina.

A tudu aka yi hoton. Ɗana ya ɗaga wannan ya yi murmushi, ya ɗaga wancan ya yi murmushi. Sannan malamin Nijar ya tambayi mai jirgi sunan kifin. Tsoho ya ce, "Kalbul bahar." Malam ya yi tari, ya ce ma'anarsa karen ruwa ke nan. Nan take ɗana ya saki wanda ke hannunsa, ya hau goge tafinsa da yashi.

"Khalas, shi ke nan, Inna. Ba za mu shiga gida da kare ba. A tona rami a rufe su."

Na dubi malam. Ya ce shi dai ya san malamai sun halatta abin da ke cikin teku, amma sunan nan ya tsaya masa a wuya, sai ya koma ya duba littafi. Littafin yana Alƙahira, kifi kuma yana kan yashi rana na dukansa.

A nan raina ya ɓaci ɓacin da ya daɗe bai yi ba. A gidan ubana, abin da ka fitar daga ruwa ya mutu a hannunka, ko ka ci, ko ka sayar, ko ka ba mai yunwa. Wanda ya yar, ba ya sake taka jirgi sai ya nemi gafara. Yau ga jikan mutumin nan ya kashe rai huɗu don takardar hoto, zai kuma binne su a gabana.

Na ce wa ɗana, "Zo nan. Karen ruwa na san shi, tun ba a haife ka ba. Gashi gare shi da ƙafa huɗu, shi ke yaga wa kakanka komar kamun kifi. Nuna mini gashin wannan. Giwan ruwan da ka ci tun kana rarrafe, ka taɓa ganin haurensa? Ragon ruwa fa, ka taɓa jin an yi layya da shi? Lokacin da kake ɗaga shi kana yashe haƙora bai zama kare ba, sai da aka zo wajen ɗawainiya."

Malam ya sunkuyar da kai, ina jin dariya yake ɓoyewa. Ɗana ya ce, "Inna, mutane na kallo." Na ce su kalla.

Matar mai jirgi na zaune gefe tana gyaran kifi. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci. Na miƙa hannu, ta sa mini wuƙa. Ita ta nuna mini yadda ake tsaga fatar a wuya a ja ta kamar cire safa, a kuma jiƙa naman da gishiri da lemun tsami don warin ya fita. Da na farke cikin na uku, hannuna ya tsaya. Ba ƙwai ba ne a ciki. 'Ya'ya ne, biyar, kowanne kamar ɗan yatsa, da idonsa da wutsiyarsa, an gama halittarsu. Ashe kifin nan haihuwa yake yi. Matar ta girgiza kai. Na ɗora su a tafina, na kira ɗana, wanda matarsa ta yi arba'in shekaranjiya, na ce ya duba. Ya duba. Ya tsuguna ya karɓi wuƙar, shi ya gyara na huɗun da hannunsa.

Aka soya biyu da tafarnuwa a murhun matar. Nama fari, ba ƙaya ko ɗaya, sai guringuntsi a tsakiya. Muka ci tare da mai jirgi da iyalinsa. Malam ya yi bisimilla, ya ce zai duba littafin daga baya. Ɗana ya ci kansa a ƙasa. Ɗaya muka bar musu, ɗaya muka naɗe da ƙanƙara.

Mun iso Dokki bayan magariba, mota na ƙarnin kifi. Washegari na yi wa surukata farfesu da citta da barkono, ta shanye har da neman ƙari.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, teku ba ta ba ni tsoro ba kamar ƙoshi. Mai ƙoshi ne ke mai da abincin wani abin wasa, in wasan ya ƙare ya nemi suna ya fake da shi. Ban hana ɗana komawa ba, ruwa a jininsa yake. Na dai gaya masa, duk ranar da zai sake zuwa, ya fara sa tukunya a mota kafin ya sa sandar.