Mai koya wa shanu Hausa

A Tudun Kaya idan ka ce kana neman Malam Sulle, sai an tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce mai koya wa shanu Hausa, kowa zai nuna maka gidanmu, na ƙarshe kafin a fita gonaki, mai turaku a bayansa. Mahaifina ne. Ni ce Munawwara, ta biyu a 'ya'yansa huɗu, kuma ni ce wadda ta fi ba shi ciwon kai.

Sunan ba tsokana kaɗai ba ne, aikinsa ke nan. Manomi zai sayo 'yan bijimai biyu a kasuwa don huɗa, ya kawo su gida yana murna, ya ɗora musu karkiya ya ce su tafi, su tsaya suna kallonsa. A ruga aka haife su, tun suna maruƙa Fulatanci suke ji, shi kuwa yana ta zuba musu Hausa da bulala. Idan ya gaji sai ya jawo su wurin Baba. Baba ba ya dukan shanu. Makon farko da yarensu yake yi musu magana, ya shafa wuya, ya sosa bayan kunne, har su saba da igiyar hanci. Mako na biyu su fara jan gungume, kuma daga nan kowace kalma sau biyu yake faɗa, ta Fulatanci a gaba, ta Hausa a baya. Kafin wata guda ya ajiye ta gaban, sai ka ji yana cewa tsaya, juya, shiga kunya, suna bi. Ranar da mai su ya zo, Baba zai miƙa masa igiya ya ce, "Ga su nan, sun zama 'yan gari."

Shi ma haka ya zama ɗan gari. A wata ruga ta wajen Rogo aka haife shi. Yana saurayi annoba ta faɗa wa shanu, garkensu ya ƙare cikin 'yan makonni, ya ɗauki sandarsa ya tako har Tudun Kaya neman ƙwadago. Hausarsa a lokacin, in ji Innarmu Rukayya, abin a biya kuɗin kallo ce. Ya kira namiji da ke, ya kira mace da kai, matasa su bi shi suna kwaikwayo. A masallaci kaɗai yake samun sauƙi, don a sahu kowa Larabci ɗaya yake karantawa, kuma ya zo da izu goma a ka. Inna ta ce karatun nan ne ya sa mahaifinta ya ba shi ita, bayan dangi sun gama cewa Bafulatani marar saniya ai ba shi da tudun dafawa.

Da aka haife mu sai ya yanke wa kansa hukunci: ba za a yi wa 'ya'yansa dariyar da aka yi masa ba. Bai taɓa yi mana Fulatanci a cikin gida ba. Yarensa ya koma bayan danga, tsakaninsa da shanun mutane. Ni kuwa, don neman magana, nakan laɓe in ji yadda yake jan murya, in dawo tsakar gida in kwaikwaya wa ƙawayena. In kama igiyar shanya in ce "war, war," wato zo. In ɗaga hannu in ce "daro," wato tsaya. In lanƙwashe murya in ce "sese-sese," wato a hankali, su yi ta birgima don dariya. Wata rana ya shigo ya same ni a kai. Ya ɗauki butarsa ya fita. Da na shiga sakandare kuma, aka fara ce min 'yar ruga, har na taɓa ce masa in ƙawayena sun zo don Allah ya rage surutu da shanun nan. Ya ce to. Har yau idan na tuna wannan "to" ɗin sai kunya ta kama ni.

Shekaru suka tafi. Na yi aure a cikin Karaye, ina koyarwa a firamare. Baba ya ci gaba da aikinsa, ko da yake masu kawo shanu sun ragu, wasu sun koma haya ta tarakta, wasu kuma shanun da suke saye yanzu da Hausarsu suke zuwa, don 'ya'yan ruga ma sun fara barin yaren. Yakan ce nan gaba shi da shanun duka za a sallame su.

Shekaru uku da suka wuce, ana gab da saukar damina, ya faɗi a bakin turke. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo a asibiti a Kano, Inna ta ce, "Sannu Malam, yaya jikin?" Ya dube ta, ya buɗe baki, sai Fulatanci ya zubo. Hausar da ya yi shekara arba'in yana ginawa ta tafi kamar ba a taɓa yi ba. Ba ya faɗa, ba ya kuma gane abin da muke faɗa. Fatiha na nan, salla na nan, yana yi a kwance. Likita ya ce hakan na faruwa, ya kuma ja mana kunne cewa lallai a riƙa tayar da shi yana takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya.

Na ɗauki hutu na dawo gida jinya. A nan muka gane faɗar likita ta fi yi sauƙi. Yaya Kabir, babbanmu, zai kama shi ta hammata, ni ta ɗaya gefen, muna ta cewa Baba tashi, Baba yunƙura, Inna na ba da umarni daga bakin ƙofa. Shi kuwa sai ya firgita, ya sandare, ya ture mu da hannun da ya rage masa, ya juya fuska bango. Mutumin da bai taɓa jan bijimi da ƙarfi ba, ga shi 'ya'yansa na jan sa kamar buhu. Kwana ashirin bai sa ƙafa a ƙasa ba.

Sai muka aika Rogo aka zo da Baffa Lado, ɗan wan mahaifinsa, wanda har yanzu yake ruga. Yana shiga ya yi sallama da yarensu, fuskar Baba ta buɗe. Suka yi ta magana har la'asar, mu muna zaune kamar baƙi a ɗakin ubanmu. Da Baffa ya fito na tare shi na ce, "Baffa, ya gane mu kuwa?"

Ya ce, "Ya san ku sarai, ɗiyata. Cewa ya yi yana ganin bakinku na motsi, kamar kuna tsallaken kogi kuna kiran sa."

Baffa ba zai iya zama ba, ga damina ga dabbobi. Ya kawo shawara a mayar da Baba ruga, inda za a ji abin da yake so, a lallashe shi ya tashi. Yaya Kabir ya amince. Inna ta shiga madafa ta daɗe. Ni na tayar da rigima, na ce ubanmu ba inda za shi. Yaya ya ce, "To Malama, ki faɗa masa hakan da kanki mana." Aka tsayar da cewa ranar Asabar Baffa zai dawo da mota.

A duk wannan lokacin akwai bijimai biyu na wani manomi, Ɗanmaliki, ɗaure a bayan gida. Kwana uku kafin Baba ya faɗi aka kawo su, ba a ko fara da su ba, kuma mai su ya ji nauyin zuwa ya kwance. Ranar Alhamis da safe na fita ba su ruwa. Na kwance jan bijimin cikinsu, ya kafe ƙafa ya ƙi motsi. Na ja, na yi tsaki, na ce masa taho mana, ko a jikinsa. Raina a ɓace yake dama. Ban san lokacin da na ja murya irin ta wasan yarinta na ce, "War. War."

Ya ɗaga kunne, ya biyo ni har bakin kwatarniya.

Tagar ɗakin Baba a kan turakun take. Daga ciki na ji wani sauti da na ɗauka tari ne, na yar da igiya na ruga. Dariya yake yi. Da rabin baki, hawaye na gangarowa kunnensa, amma dariya ce, ta farko tun da ya kwanta.

Na tsaya a kansa. Kalmomin da nake da su ba su fi biyar ba, duka na shanu ne, kuma duka don in yi masa shaƙiyanci na koye su. Wace 'ya ce za ta yi wa ubanta maganar da ake yi wa sa? Na ji tsoron ya ɗauka raini ne, irin na da. Amma na fi jin tsoron motar Asabar. Na durƙusa, na miƙa masa hannu biyu ba tare da na taɓa shi ba, na ce a hankali, "Baba, ummo." Wato tashi, kalmar da yake faɗa wa sa idan ya kwanta a gona ke nan.

Ya dube ni. Sannan ya girgiza kai, ya maimaita kalmar yadda ya kamata a faɗe ta, don ashe shekara ashirin ina ɓata ta. Na sake faɗa. Ya sake gyarawa. A karo na uku ya kama hannuna ya yunƙura.

Ban kira kowa ba. Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hannunsa, na ja da baya taku ɗaya na ce war. Ya jawo ƙafar. Ya so ya yi sauri na ce sese-sese. Da na ga gwiwarsa na rawa na ce daro, ya tsaya, muka huta. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta gan mu a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa inda take. Ranar taku bakwai muka yi. Washegari muka kai zaure. A hanya yana nuna abu da haɓa yana faɗar sunansa, ni ina maimaitawa, yana yamutsa fuska in na kuskure.

Ranar Asabar da hantsi Baffa Lado ya iso da motar haya, har da katifa a baya. Bai same mu a ɗaki ba. Muna bayan gida, Baba a kan kujera kusa da turke, hannunsa na hagu a wuyan jan bijimin, ni ina riƙe da igiya. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Baffa ya yi masa bayani yana nuna hanyar Rogo. Yaya Kabir ya matso, Inna ta tsaya a jikin danga. Ban gane ko kalma ɗaya ba, sai na zuba wa bakin Baba ido.

Baba ya yi magana gajeriya, ya nuna ni da haɓa. Baffa ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ƙi fassarawa, sai da na ce, "Baffa, don Allah."

Ya ce, "Wai ba zai samu zuwa ba. An kawo masa horo, kuma bai taɓa mayar wa mai abu da abinsa ba a gama ba."

Yaya Kabir ya ce, "Shanun Ɗanmaliki? Ai sai a nemi wani ya ƙarasa."

Baffa ya ce, "Ba shanun ba. Ya ce shanun masu sauƙi ne. Wannan ce mai taurin kan, ta fara a makare, amma tana da kunne."

Motar ta koma da katifarta. Baba ya ƙara shekara biyu a gidansa, yana takawa da sanda har masallaci. Hausa ba ta dawo ba, sai 'yan kalmomi. Kullum na tashi daga makaranta nakan hau babur in zo, mu zauna a bakin turke, ya faɗa in maimaita. Bai gama da ni ba Allah ya karɓi abinsa. Amma a makonsa na ƙarshe na nemi gafararsa a kan wasan igiyar shanya, da yarensa, ba tare da tafinta ba. Ya saurara har na kai aya. Ya gyara min kalma biyu, sannan ya ce ya yafe.